Jimi Hendrix: Makaɗin Da Ya Fara Da Jitar Dala Biyar

An haifi marigayi Jimi Hendrix ran 27 ga watan Nuwamban 1942 a birnin Seattle na ƙasar Amurka, cikin gidan talauci. Tun yana yaro yakan rungumi tsintsiya yana kwaikwayon makaɗa. Sai a shekarar 1958 ya mallaki jitarsa ta farko, wadda aka saya dala 5 kacal.

Da yake shi bahago ne, jitar 'yan dama yake juyawa ya sake jera tsarkiyoyinta. Bayan ya yi wa mawaƙa irin su Little Richard kiɗa, ya koma Landan a 1966, inda tauraronsa ya haska.

Ko da ya yi suna, jitar Fender Stratocaster ta kanti yake kaɗawa, irin wadda duk mai kuɗinta ke iya saye. Babu shakka na'urorin ƙara sauti na Marshall sun ba kiɗansa amo. To amma rurin da ke damun sauran makaɗa idan jita ta kusanci lasifika, shi ne Hendrix ya sarrafa ya mai da shi kiɗa.

Ya rasu a Landan ran 18 ga watan Satumban 1970, yana da shekaru 27. A 1990 aka yi gwanjon farar jitar da ya kaɗa a bikin Woodstock na 1969 kan fam 198,000. Har yau ana ƙera irinta, makaɗa kuma suna saye, amma sautin Hendrix ya tafi tare da yatsunsa.