Likita Mila Na Zariya: Mutumin Da Aikinsa Ya Bi Bakinsa

Ran 21 ga Maris, 1903, kwana 6 bayan Turawa sun ci birnin nan namu na Sakkwato, Gwamna Lugga ya tara manyan gari, ya yi musu alkawari cewa Gwamnati ba za ta sa hannu cikin sha'anin addinin Musulunci ba. Saboda wannan alkawari aka daɗe ana hana Turawan Mishan zama cikin biranen sarakunan Arewa. Duk da haka akwai guda wanda ya sami zama cikin birnin Zazzau har wajen shekara 24, shi ne Likita Walter Miller, wanda Hausawa suka fi sani da Likita Mila. Tarihinsa muke so mu kawo wa malaman makaranta da akawuna, don mu ga yadda mutum kan riƙe abin da ya gaskata da zuciya ɗaya.

An haife shi a lardin Devon ta ƙasar Ingila cikin shekarar 1872. Ya koyi aikin likita a asibitin St. Bartholomew da ke Landan, ga hanyar arziki da daraja a buɗe gabansa. Amma shi Kirista ne wanda ya ɗauka cewa ibada ba ta ƙarewa a ƙofar majami'a ran Lahadi, sai ya ba da kansa ga Mishan ta C.M.S. don aiki a ƙasar Hausa. Kafin ya taka ƙasar, sai da ya tafi Tarabulus ya zauna wajen fatake da alhazai Hausawa yana koyon harshe daga bakinsu, gama ya san likitan da ba ya jin maganar majinyaci rabin likita ne.

Cikin 1900 suka taso daga Ikko su 5, Bishop Tugwell ne shugabansu, suka yi ta tafiya har Kano. Sarkin Kano Alu bai karɓe su ba, ya umurce su su bar garinsa. Suka komo Girku, a ƙasar Zazzau, inda ɗayansu mai suna Ryder ya rasu. Sauran kuma ciwo ya ci ƙarfinsu, ƙungiyar ta watse. Da wani ne, da ya ce ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Shi kuwa Likita Mila da ya sami sauƙi sai ya sake dawowa, har cikin 1905 ya sami izinin zama cikin birnin Zariya.

To, a nan ne halinsa ya bayyana sosai. Ya buɗe ɗakin magani, yana duba duk wanda ya zo, ba ya tambayar addininsa. Ya kafa makaranta, yara suna kwana a gidansa, yana koya musu karatun boko da lissafi da Turanci da tsabta. In ya sami sarari kuma sai ya zauna da malamai Hausawa suna juya Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, aya bayan aya. Duka ukun nan a wurinsa bauta ce ga Ubangijinsa, ba ya raba wanke gyambo da yin addu'a.

Cikin 1913 waɗansu daga cikin Isawa suka zo wurinsa. Su ne zuriyar mabiyan Malam Ibrahim, wanda aka kashe a Kano zamanin Sarki Abdullahi saboda koyarwarsa a kan Annabi Isa. Aka kafa musu ƙauye a Gimi, abin ya fara kyau, sai ciwon barci ya faɗa wa ƙauyen ya kashe mutane da yawa, tilas aka tashi. Wannan ma bai karya masa zuciya ba.

Cikin 1929 aka fitar da Mishan daga cikin birni zuwa Wusasa, ba da son ransa ba. Ya koma Kano ya duƙufa a kan fassara, har cikin 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa, da taimakon ma'aikatan sauran Mishan da malamai 'yan ƙasa. Aikin da ya fara yana saurayi, sai da ya kai shekara 60 ya ga kammalarsa. Lalle mai haƙuri shi kan dafa dutse ya sha romo.

Amma fa ɗan Adam tara yake, bai cika goma ba. Likita Mila mutum ne mai zafin baki da kafiya. Ya yi maganganu masu tsauri a kan Musulunci da sarakuna, waɗanda suka ɓata wa mutane rai ƙwarai, ƙararrakin da ya riƙa kaiwa kuma suna cikin abubuwan da suka jawo tuɓe Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi. Sai dai bai ƙyale 'yan'uwansa Turawa ba su ma. Ya sha sukar irin mulkinsu, yana ganin sun bar talaka cikin jahilci da zalunci, har cikin 1947 ya buga littafi yana tambayarsu ko sun kasa a Nijeriya.

Waɗanda suka bi addininsa ta hannunsa kaɗan ne, amma makarantar da ya dasa ta yi 'ya'ya. Daga cikin almajiranta akwai Likita Barau Dikko, ɗan Arewa na farko da ya zama likita, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa. Akwai John Tafida, wanda suka rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East. A Wusasa kuma Janar Yakubu Gowon ya tashi, wanda ya shugabanci Nijeriya daga 1966 zuwa 1975.

Ya bar aikin C.M.S. cikin 1935 ya koma Ingila, amma zuciyarsa ta ƙi zama can. Ya dawo ya zauna a Bukuru kusa da Jos, a nan ya rasu cikin 1952, yana da shekara 80.

To, jama'a, ko mutum bai yarda da addinin Likita Mila ba, akwai tambayar da rayuwarsa ta bar mana. Malamin da ke koya wa yara gaskiya da safe, yana zuwa aji a kan lokaci? Akawun da ke riƙe da littafin kuɗi, hannunsa yana tsoron Allah sa'ad da ba mai ganinsa? Masu zuwa wurinmu da bukata ba sa ganin abin da ke zukatanmu, aikinmu suke gani, da shi kuma za su auna imaninmu. Allah ya sa aikinmu ya bi bakinmu, amin.