Alhaji Umaru Salga: ɗan fatake da ya zuba zaman baƙunta cikin waƙa

'Yan uwa mazauna Kudu, na Sabon Ibadan da Agege da Idi-Araba, na Shagamu da Lokpanta da Fatakwal. Yau tarihin wani malami zan kawo muku, wanda a ganina ya fi kusa da ku fiye da yawancin malaman da muke jin sunansu, don shi ma a zango ya yi rayuwarsa, a zango kuma aka binne shi. Sunansa Alhaji Umaru ɗan Abubakar. Wasu na ce masa Umaru Salga, wasu Imam Umaru, a Gana kuwa an fi saninsa da Alhaji Umaru na Kete Karachi.

An haife shi a Kano wajen shekarar 1858. Asalin gidansu Kabi ne, shi ya sa a rubuce-rubucensa za ka ga ana jingina shi ga Kabi da Kano da Salga gaba ɗaya. Mahaifinsa bafatake ne mai bin hanyar Gwanja. A Kano ya yi karatun allo, daga baya ya nufi ƙasar Sakkwato da Gwandu neman ilimi, ya yi fiƙihu da nahawu da lugga da waƙoƙin Larabawa. Karatun bai raba shi da ayari ba, yana bin mahaifinsa fatauci yana kuma riƙe da littattafansa.

Bari in ɗan tsaya kan hanyar nan, don wanda bai san ta ba ba zai gane mutumin ba. Ayari kan tashi daga Kano da jakuna ɗauke da kanwa da turkuɗi da kayan fata, a tsallake Kwara ta wajen Yawuri ko Busa, a ratsa ƙasar Borgu, wadda wani yankinta yau yana cikin jiharmu ta Neja, a bi ta Nikki da Sansanin Mango da Yandi, sannan a sauka Salga. Wata da watanni ana tafiya, madugu na gaba. A Salga ake sayen goron da ke fitowa daga dazukan Asante. Gaskiya kuma ba ta ɓuya: kasuwar bayi ce babba a wancan zamani. Garin ya yi suna da yawan rijiyoyi, har ana ce masa gari mai rijiya dubu.

Littafin farko da aka san shi da shi ma na 'yan kasuwa ne. Wajen 1877, bai fi shekara ashirin ba, ya rubuta littafi da Larabci kan yadda ake tsara wasiƙa. Ku duba fa, lokacin babu waya, babu banki. Amanar dukiya tsakanin Kano da Gwanja takarda ce ke ɗauke da ita, wanda ya iya rubuta ta kuwa shi ne idon ayari. Ke nan tun farko alƙalaminsa a cikin kasuwa ya tashi.

Zuwa 1892 yana zaune a Salga yana karantarwa. A wannan shekarar ce yaƙin basasa ya ɓarke tsakanin gidajen sarautar Gwanja, garin ya watse, kasuwa ta mutu, baƙi suka kama gabansu. Rigimar ba ta Hausawa ba ce, amma su ma sun kwashi rabonsu na asara. Malam Umaru ya ƙare a Kete Karachi, bakin kogin Volta, wajen 1896, inda fatake da yawa suka koma suka kafa sabon zango. Nan ya zama limami, nan ya kafa makaranta, ɗalibai suka riƙa zuwa daga nesa.

Wanda ya ga abin da ya faru a kasuwar Shasha ta Ibadan a watan Fabrairun 2021 ba sai an yi masa dogon bayani ba. Mutum ya shekara ashirin yana tara abu, dare ɗaya ya koma neman inda zai shimfiɗa tabarma. To abin da ya ja hankalina ga wannan bawan Allah shi ne abin da ya yi da irin wannan ɓacin rai. Bai haɗiye shi ya zama ciwo ba, bai kuma mai da shi zagi ba. Zama ya yi ya rubuta doguwar waƙa da Larabci kan baƙin cikin abin da ya sami Salga, yana tuna wa 'yan uwa yadda gari ke lalacewa idan son zuciya ya yi yawa. Kuka ne, amma kuka mai kari da amsa-amo, wanda aka fuskantar da shi ga Ubangiji.

Rubutacciyar waƙa irin ta malamanmu tana da tsari. Da sunan Allah ake farawa, a yi salati ga Manzo, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sannan a shiga magana. Kowane baiti sai ya hau kari ɗaya, ƙarshensa ya faɗa kan amsa-amo ɗaya, ko da waƙar ta kai baiti ɗari. A ƙarshe mawaƙi ya nemi gafara, sau da yawa ya ɓoye shekarar da ya rubuta cikin haruffa, abin da ake kira ramzi. Ni a fahimtata, wannan tsari shi ne maganin. Mai fushi ba ya iya ƙirga gaɓoɓi. Kafin ka samo kalmar da za ta zauna daidai a ƙarshen baiti, zuciya ta sauka, abin da ya rage sai gaskiyar maganar. Kuma duk abin da ka buɗe da bisimilla za ka ji kunyar cusa ƙarya a cikinsa.

Haka ya yi lokacin da Turawa suka mamaye ƙasa. A 1899 da 1900 ya yi waƙoƙi biyu da Larabci kan zuwansu. A 1903, shekarar da Kano da Sakkwato suka faɗa hannun Turawan Ingila, ya yi Waƙar Nasara da Hausa, yana jero garuruwa da sarakunan da aka ci ɗaya bayan ɗaya. Ku tuna Kano garin haihuwarsa ce, Sakkwato kuma inda ya sha ilimi. Yana can nesa labari ya iske shi, ba shi da bindiga, ba shi da doki. Abin da ke hannunsa tawada ce, da ita ya ajiye shaida.

Abin mamaki, duk da haka bai ƙi zama da Bature a yi ilimi ba. Kete Karachi a lokacin tana hannun Jamusawa, cikin ƙasar Togo, har zuwa yaƙin 1914. Wani jami'insu mai suna Adam Mischlich ya yi karatun Hausa a wurinsa, shi ne ya fitar da ƙamus na Hausa a 1906. Malam Umaru ya rubuta masa bayanai masu yawa da ajami kan tarihin ƙasar Hausa da noma da sana'o'i da aure da kasuwanci, waɗanda har yau masu bincike ke dogaro da su. Wani Baturen Ingila, Rattray, shi ma ya zauna gabansa, ya kuma yaba fassarar da ya yi wa waƙar Imru'ul Ƙaisi daga Larabci zuwa Hausa. A wurina wannan darasi ne ga mazaunin zango: kana iya zama lafiya da mai iko da gari, ku yi hulɗa, ba tare da ka sayar da abin da ke zuciyarka ba.

A 1913 ya kama hanyar Makka, ya yi shekaru kafin ya dawo. Ɗan ɗariƙar Tijjaniyya ne, yana da waƙoƙin zuhudu da wa'azi. Amma bai tsaya nan ba. Da annobar mura ta 1918 ta zo, wadda kakanninmu ke kira marisuwa, ya yi mata waƙa mai suna Tunkuyau, yana siffanta yadda ciwon ke kama mutum yana roƙon Allah sauƙi. Ya yi Waƙar Talauci da Wadata da Hausa, inda ya nuna yadda ake wulaƙanta matalauci ko da shi ke da gaskiya, ake kuma rusuna wa mai kuɗi. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kara ya ga yadda ake gaisawa da mai shanu hamsin da yadda ake gaisawa da yaron da ya kwana a bayan tirela, zai ce jiya aka rubuta ta. Da ɗansa Alhaji Labbo ya riga shi rasuwa, nan ma waƙar ta'aziyya ya yi. Annoba, talauci, mulkin baƙo, mutuwar ɗa, babu wanda bai kai gaban Allah ta hanyar baiti ba.

Ni ɗan mai fataucin shanu ne. Na sha raka kaya daga kasuwannin nan namu irin su Mariga da Beji, mu bi ta Mokwa da Jaba da Ilori har Akinyele. A bayan mota za ka ji samari na rera abin da ke ransu, kewar gida, bashin da ya maƙale wurin mahauci, saniyar da ta faɗi a hanya aka yanka ta asara. Wasu baitocin wallahi sai ka ji tsigar jikinka ta tashi. Amma da an sauke kaya shi ke nan, iska ta kwashe. Bambancinmu da Malam Umaru ba baiwa kaɗai ba ce. Shi ya yi karatu, ya san kari, ya kuma rubuta ya ajiye.

Ya rasu a Kete Karachi a 1934. Bayan shekara talatin da 'yan kai aka gama madatsar ruwa ta Akosombo a 1965, tafkin Volta ya cinye tsohon garin, aka koma sabon wuri. Kasuwar da zangon da ya sani duk suna ƙarƙashin ruwa. Waƙoƙin kuwa suna nan, domin ɗalibansa sun kwafe su da hannu sun bazu da su zangunan Gana, daga baya Jami'ar Gana da ke Legon ta tattara da dama ta adana.

Don haka ga roƙona ga iyaye da masu unguwanni da sarakunan Hausawa na Kudu. Yaranmu da aka haifa a Legas da Inugu da yawansu Hausar baki kawai suke ji, ba sa iya rubuta ta da boko balle ajami. Yaron da ba shi da harshen da zai faɗi damuwarsa, wata hanyar zai nema ya fitar da ita, kuma kun san hanyoyin da ke jiran sa a tasha. A makarantun allo da Islamiyya a ware ko da yammacin Alhamis ne a koya musu rubutun Hausa da karin waƙa. Wanda kuma Allah ya ba baiwar baiti, kada ya raina ta don shi ɗan kara ne ko mai shayi. Ya samu littafi ko wayarsa ya rubuta, ya sa kwanan wata, ya kai wa malami ya duba masa. Tarihin Sabo da Agege da Lokpanta, in ba mu rubuta shi da bakinmu ba, wani zai rubuta mana yadda ya ga dama.

Allah ya jiƙan Alhaji Umaru, ya kai haske kabarinsa. Ku kuma Allah ya tsare ku a inda kuke, ya ba da kasuwa mai albarka, ya zaunar da ku lafiya da masu masaukinku. Amin.