EDOUARD LUCAS: MALAMIN DA YA TABBATAR DA LAMBA MAI ALƘALUMA 39 DA HANNU

An haifi Edouard Lucas a garin Amiens na ƙasar Faransa ranar 4 ga watan Afrilu, 1842. Bayan ya ƙare karatu a birnin Faris, ya yi aiki a ma'aikatar binciken taurari, ya kuma yi aikin soja a yaƙin Faransa da Jamus na 1870. Da aka ajiye makamai sai ya koma koyar da lissafi a makarantun sakandare.

Abin da ya ɗaukaka sunansa shi ne bincike kan lambobi marasa rabuwa, wato waɗanda ba su rabuwa daidai sai da 1 ko da su kansu, kamar 7 da 13. Tun 1644 wani malamin addini, Marin Mersenne, ya ce idan aka jera 2 sau 127, aka ninka su da juna, aka cire 1, lambar da za ta fito ba ta rabuwa. Amma bai kawo hujja ba.

Lambar kuwa alƙalumanta 39 ne. Wanda ya ce zai gwada raba ta da lambobi ɗaya bayan ɗaya, ransa da na jikokinsa ba su isa ba. Saboda haka Lucas ya sake hanya. Ya gina jerin lambobi wanda kowace ke haifar ta gabanta, ya nuna cewa idan lambar da ake tuhuma ta raba wata ƙayyadaddiyar lamba a jerin ba saura, to ita kanta ba ta rabuwa. Da wannan dabara ya tabbatar da maganar Mersenne a 1876, ba tare da na'ura ba. Sai a 1951 aka gano wadda ta fi ta girma, shi ma da taimakon na'ura.

A 1930 wani Ba'amurke, D. H. Lehmer, ya gyara dabarar. Ana farawa da 4, a ninka ta da kanta, a cire 2, a sami 14. Haka 14 ke ba da 194. Ɗalibi na iya gwadawa: 2 sau 2 sau 2 a cire 1 ya zama 7, ga shi kuwa 7 ta raba 14 daidai. Da wannan gwaji aka tabbatar da lambar da aka gano a 2024, mai alƙaluma fiye da miliyan 41.

Shi ne kuma ya ƙago wasan Hasumiyar Hanoi a 1883.

Ajalinsa ya zo ta inda ba a zata ba. A wajen wata liyafar masana, tangaran ya fashe, ɓarɓashi ya yanke shi a kunci. Ciwon ya rure, ya rasu ranar 3 ga watan Oktoba, 1891, yana da shekara 49.