Kumandan Kusto: mutumin da ya fara da kashe kifin shak, ya koma bin sawunsa

A ranar 25 ga watan Yunin 1997 ne Jacques-Yves Cousteau, wanda duniya ta fi sani da Kumandan Kusto, ya rasu a birnin Paris yana da shekara 87. Duk wanda ya taɓa kallon finafinansa zai tuna siririn dattijon nan mai jar hula, tsaye a kan jirgin ruwansa mai suna Kalipso. Yau idan ana maganar kare teku da halittun cikinsa, sunansa na cikin na farko da ake ambata. Sai dai a fim ɗin da ya fara ɗaukaka shi, akwai wurin da ma'aikatan jirginsa suke kashe kifin shak, wanda Faransawa ke kira requin, ba don ci ba kuma ba don bincike ba, sai don huce haushi.

An haifi Kusto ranar 11 ga watan Yunin 1910 a garin Saint-André-de-Cubzac, kusa da Bordeaux. A 1930 ya shiga makarantar sojan ruwa ta Faransa, burinsa kuwa ya zama matuƙin jirgin sama. Wani mummunan haɗarin mota da ya karya masa hannuwa biyu ne ya rushe wannan buri. Don hannuwan su dawo da ƙarfi, sai ya riƙa iyo kullum a gaɓar Toulon. A can ne, cikin 1936, ya fara sanya tabarau na shiga ruwa, ya ga abin da ke ƙarƙashin Bahar Rum da idonsa. A 1943, shi da injiniya Émile Gagnan suka haɗa na'urar da ke ba mai nutso iska daga kwalbar da ya goya a baya, gwargwadon yadda yake shaƙa. Kafin nan, mai son daɗewa a ƙasan ruwa yakan sa kaya masu nauyi, a haɗa shi da bututun iska daga jirgi, kamar akuyar da aka ɗaure a turke. Wannan na'ura ce ta kwance igiyar.

Haɗuwarsa da shak wadda bai taɓa mantawa ba ta faru a 1948, kusa da tsibiran Cap-Vert, yamma da Dakar. Shi da abokinsa Frédéric Dumas sun shiga ruwa a tsakiyar teku, nesa da gaɓa, sai ga wani shak mai dogayen fikafikai masu farin baki yana kewaya su. Duk dabarun korar shak da aka koya musu, da ihu a cikin ruwa da kaɗa hannu da maganin da aka ce yana gudu, babu wadda ta yi aiki. Da ya taso kansa gadan-gadan, kyamarar da ke hannun Kusto ce ya buga masa a hanci. Da ƙyar jirginsu ya zo ya tsamo su. Daga baya Kusto ya riƙa ɗaukar wannan nau'i a matsayin wanda ya fi kowane shak haɗari. A wannan yanki kuma sun yi karo da wani ƙaton farin shak, irin wanda ake ba yara tsoro da shi, amma yana hango su sai ya juya ya tsere. Tun lokacin ya kamata a gane cewa abin da ake faɗa kan dabbar nan da yawa ji-ta-ji-ta ce.

A 1950 ya samu Kalipso, tsohon jirgin share nakiyoyin teku na sojan Ingila, wanda wani attajiri, Loel Guinness, ya saya ya ba shi haya a kan faran ɗaya a shekara. Da shi ne ya ɗauki fim ɗin Le Monde du silence tare da matashi Louis Malle. A cikin fim ɗin, jirgin ya kutsa cikin garken wel, manyan dabbobin nan na teku masu shayarwa, farfelarsa ta yanke wani jariri. Suka harbe shi don ya huta. Jini ya jawo shak, suka far wa gawar. Ma'aikatan jirgin suka fusata, suka riƙa jawo su kan jirgi da ƙugiya suna dukansu har su mutu, wai ramuwa suke yi wa jaririn da su da kansu suka yanka. A wani wurin kuma an tayar da nakiya a cikin duwatsun murjani don a ƙirga kifayen da suka mutu. Fim ɗin ya ci babbar lambar bikin Cannes a 1956, ya ci Oscar a 1957. Abin da ya fi ɗaukar hankali ba aikin ba ne, tafin da aka yi masa ne: a wancan zamani kusan kowa na ganin teku rijiya ce da ba ta ƙafewa, shak kuwa maƙiyi ne da kisansa ba laifi.

Sauyin bai zo dare ɗaya ba. A 1960, yana shugaban gidan tarihin teku na Monako, ya tsaya kai da fata har aka fasa zuba sharar nukiliya a Bahar Rum. A 1963 ya gina wani ɗan ƙauye a ƙarƙashin Bahar Maliya, a wurin da ake kira Sha'ab Rumi, arewa da Port Sudan, gaɓar nan da alhazan ƙafa na ƙasar Hausa suka daɗe suna tsallakawa daga gare ta zuwa Jidda. Mutanensa sun yi wata guda zaune a zurfin mita 10, shak na kai da kawowa a kusa da su dare da rana. Zama da maɗaukin kanwa, in ji Hausawa, shi ke kawo farin kai. Zama da shak kuwa ya koya musu cewa dabbar tana da ɗabi'u da za a iya karantawa.

A 1967 Kalipso ya sake komawa Bahar Maliya, wannan karon da wata niyya dabam. Masu nutso suka riƙa shiga kejin ƙarfe a cikin ruwa, suna jawo shak da nama, idan ya matso sai su soka masa ƴar alama a gindin fiffiken bayansa da dogon mashi. Manufar ita ce a san ko wannan kifi mai yawo ne ko mazaunin wuri ɗaya. Sake ganin masu alamar a inda aka sa musu ya nuna cewa shak ɗin da ke rayuwa a duwatsun murjani yana da unguwarsa. Wannan aiki ne ya zama kashi na farko na shirin talabijin ɗinsa da aka fara nunawa a Amurka a watan Janairun 1968, kuma a 1970 shi da ɗansa Philippe suka fitar da littafi sukutum a kan shak.

Gaskiya ba Kusto ne ya ƙirƙiro sa wa shak alama ba. Tun 1962 hukumomin Amurka suka fara irin wannan shiri tare da masunta, kuma masaniya Eugenie Clark ta riga ta nuna a Florida cewa shak na iya koyon danna wani allo don ya samu abinci. Kusto ba shi da digirin kimiyya, masana da dama kuma sun zarge shi da fifita abin da zai ƙayatar da mai kallo a kan abin da zai amfani bincike. Zargin na da ƙamshin gaskiya. Amma abin da masanan suka rubuta a mujallun da mutane kaɗan ke karantawa, shi ya kai shi ɗakunan miliyoyin jama'a, ciki har da waɗanda ba su taɓa ganin teku ba.

A 1973 ya kafa ƙungiyar kare teku mai ɗauke da sunansa. Philippe, wanda ya so ya gaje shi, ya mutu a haɗarin jirgin sama kusa da Lisbon a 1979. Kusto ya ci gaba da fafutuka, yana cikin waɗanda suka matsa har aka haramta haƙar ma'adinai a Antatika a yarjejeniyar Madrid ta 1991. Kalipso ya nutse a tashar Singapo a watan Janairun 1996, shekara ɗaya da rabi kafin rasuwar mai shi. Labarin da ke yawo har yau a WhatsApp cewa ya musulunta, gidauniyarsa ta musanta shi a 1991 tun yana raye. A cocin Notre-Dame aka yi masa addu'ar bankwana, aka binne shi a garinsu.

Alamar da ake sokawa da mashi yanzu ta zama na'ura mai aika saƙo ta tauraron ɗan adam. A ƙarshen 2003 an sa wa wata farar shak irin wannan na'ura a Afirka ta Kudu, aka raɗa mata suna Nicole. Cikin kwana 99 ta yi kusan kilomita 11,000 zuwa yammacin Ostareliya, kafin wata tara su cika kuma aka sake ganinta a inda ta taso. Afirka ta Kudu ta hana kashe farin shak tun 1991, amma tafiyar Nicole ta nuna dokar ƙasa ɗaya ba ta isa ta kare dabbar da ke ratsa teku guda ba.

Alƙaluman da bin sawun da ƙirgar suka fito da su ba su da daɗi. Wani ƙiyasi na 2013 ya ce ana kashe shak kusan miliyan 100 a shekara, wasu don nama, wasu a cikin ragar da aka kafa wa wani kifin, da yawa kuma don fiffikensu da ake miya da shi a Asiya. Akan yanke fiffiken a jefar da kifin da ransa. Mutanen da shak ke kashewa a duniya kuwa ba su cika wuce goma a shekara ba. Matsalar ita ce shak ba ya hayayyafa kamar tarwaɗa: wasu nau'o'in sai sun haura shekara goma kafin su fara haihuwa, ƴaƴan kuma kaɗan ne. Binciken da mujallar Nature ta wallafa a 2021 ya gano cewa shak da danginsa na tsakiyar teku sun ragu da kashi 71 cikin 100 tun daga 1970, shekarar da littafin Kusto ya fito.

Shi kuwa mai farin bakin fiffike da ya kusa hallaka shi a Cap-Vert, wanda a lokacin yana cikin manyan kifayen da suka fi yawa a tekunan ƙasashe masu zafi, a 2019 ƙungiyar IUCN mai sa ido kan halittu ta saka shi a jerin waɗanda ke dab da ƙarewa.