FREDDIE MILLS: ZAKARAN DAMBEN INGILA NA ZAMANIN YAƘI

Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon dambe bayan an gama aikin kaka, ko a ƙasar Gwarzo, ko ta Kabo, ko wani gari na yammacin Kano, ya san cewa bisa al'ada ba a zuwa fili da ma'auni. Makaɗi ya kira mutum da takensa, shi kuma ya dubi wanda ya fito masa da ido, in ya ga zai iya su sa zare, in an yi turmi uku babu kisa a raba su kowa ya koma wurin zamansa. A damben Turawa kuwa, watau boksin, sai an ɗora mutum a kan sikeli kafin ya shiga fili, kuma an kasa 'yan wasa aji-aji gwargwadon nauyinsu.

A zamanin Yaƙin Duniya na Biyu azuzuwan guda takwas ne. Babban aji shi ne na masu nauyi, wanda ba a yi masa iyaka ba. Aji na biyu kuwa na waɗanda ba su wuce laba 175 ba ne, watau kimanin kilo 79. Hikimar wannan doka a fili take, domin naushin ƙato mai kilo 95 ba ɗaya yake da na mai kilo 79 ba, komai jaruntakarsa. Freddie Mills ɗan aji na biyu ne, a nan ya zama zakaran Ingila, a nan kuma ya zama zakaran duniya. Amma sau biyu ya nemi kambin babban aji, ya kuma yi ta karawa da mutanen da suka fi shi jiki nesa ba kusa ba, abin da ya jawo masa farin jini, ya kuma ci lafiyarsa.

ASALINSA

An haifi Frederick Percival Mills ran 26 ga watan Yuni, 1919, a garin Bournemouth da ke bakin teku a kudancin Ingila. Shi ne auta cikin 'ya'ya huɗu, iyayensa kuwa talakawa ne. Ya bar makaranta yana da shekara 14, ya kama aikin yaron mai raba madara gida-gida. A 1936 ya shiga wata gasa ta sababbin 'yan dambe a garinsu ya cinye ta, daga nan ya mai da dambe sana'a.

Makarantarsa ta gaske ita ce rumfar dambe irin wadda ake kafawa a wuraren bukukuwa a garuruwan Ingila. Mai rumfa yakan jera 'yan dambensa a bakin ƙofa, ya yi shelar cewa duk wanda ya iya jure turmi uku da ɗaya daga cikinsu za a ba shi kuɗi. Manomi ya fito, matuƙin jirgin ruwa ya fito, ba a tambayar nauyin kowa, kuma yaro ɗaya yakan yi karo da dama a rana guda. A nan Mills ya sami salon da bai rabu da shi ba har ya bar dambe: ya kutsa kai gaba yana kai naushi da hannu biyu, ya yarda a doke shi sau biyu in dai zai sami damar saukar da hagunsa sau ɗaya. Wannan hali ne ya sa 'yan kallo suka laƙaba masa sunan Freddie marar tsoro.

ZAMANIN YAƘI

Da yaƙi ya ɓarke a watan Satumba na 1939, sai harkar wasanni ta ja baya a Ingila. An hana kunna fitilu da dare saboda jiragen Jamus, samari kuma suka tafi aikin soja. Mills ya shiga rundunar mayaƙan sama a watan Janairu na 1940, aka sa shi cikin masu koyar da motsa jiki, har ya kai saje. Hukumar soja takan ba irinsa izini su je su yi wasa, domin dambe yana cikin abubuwan da ke ɗebe wa jama'a kewa a wannan mawuyacin lokaci.

A 1940 ya doke Jock McAvoy, zakaran Ingila na ajin matsakaita, da yawan maki a Liverpool. Shekara na zagayowa wani gogaggen manaja mai suna Ted Broadribb ya karɓi ragamarsa. A watan Disamba na 1941 aka haɗa shi da Jack London, ƙaton ɗan babban aji, Mills ya yi galaba da maki. Wannan nasara ta sa mutane suka fara tsammanin babu wanda ya fi ƙarfinsa a Ingila, komai girmansa.

Ranar da sunansa ya game ƙasa ita ce 20 ga watan Yuni, 1942, a filin ƙwallo na White Hart Lane a birnin Landan, gaban mutum wajen 30,000. Abokin karawarsa shi ne Len Harvey, mai riƙe da kambin aji na biyu na Ingila da na Daular Ingila, wanda shi ma yana cikin mayaƙan sama, amma shi hafsa ne. Harvey gwani ne na kare kai, ba a taɓa ƙirga masa goma yana ƙasa ba, sai dai yana da shekara 34, kuma rabonsa da wasa tun 1939. A turmi na biyu Mills ya kai shi ƙasa, ya tashi da kyar, sa'an nan ya bi shi da naushi har ya faɗa waje ta tsakanin igiyoyi. Kafin ya komo alƙalin wasa ya gama ƙirga goma. Saje ya kashe hafsa, Harvey kuwa bai sake dambe ba.

Da Harvey ya yi murabus, kambin babban aji na Ingila, wanda shi ma yana hannunsa, ya zama ba mai shi. Ran 15 ga watan Satumba, 1944, aka sake haɗa Mills da Jack London a Manchester domin a fitar da magaji. London ya fi shi nauyi da kimanin laba 40. An yi turmi 15 cur, Mills yana ta kai hari kamar yadda ya saba, amma a turamen ƙarshe nauyi ya yi halinsa, aka ba London nasara da maki.

A watan Maris na 1945 aka tura Mills Indiya da Bama, inda ya riƙa zagayawa sansanonin soja yana wasan nuni. A daidai wannan lokaci sojojin Nijeriya na runduna ta 82 ta Afirka ta Yamma, waɗanda da yawansu 'yan Arewa ne, suna can fagen daga a Bama. An sallame shi daga soja a farkon 1946, ya komo gida bayan ya yi fiye da shekara guda bai yi wasa na gaske ba.

SHEKARAR 1946

Ya tarad da Landan tana ƙishin wasa, ga kuma wani mai shirya dambe, Jack Solomons, wanda a da sana'arsa sayar da kifi ce, yana kawo zakarun Amurka. Ran 14 ga watan Mayu aka sa Mills ya kara da Gus Lesnevich, Ba'amurke mai riƙe da kambin duniya na aji na biyu, a zauren Harringay. Tun a turmi na biyu ya sha ƙasa fiye da sau ɗaya, aka ɗauka magana ta ƙare. Sai ga shi ya farfaɗo, ya fasa wa Lesnevich hanci, ya rufe masa ido. A turmi na 10 Ba'amurken ya sake kai shi ƙasa, alƙali ya tsai da wasa. Waɗanda suka gani sun sa wannan karo cikin mafi muni da aka taɓa yi a Ingila, kuma tun daga ranar Mills ya fara fama da ciwon kai da jiri.

Mutumin da ya sha irin wannan duka hutu na watanni ya kamace shi. Amma mako uku kacal bayan haka, ran 4 ga watan Yuni, aka sake fito da shi gaban Bruce Woodcock, wanda ya ƙwace kambin babban aji daga hannun Jack London a 1945. An yi turmi 12, Woodcock ya yi nasara da maki. A watan Nuwamba kuma aka haɗa shi da Joe Baksi, wani ƙaton Ba'amurke tsohon mahaƙin kwal, wanda ya farfasa masa gira har ya kasa fitowa bayan turmi na 6. Duka uku ke nan masu tsanani cikin wata shida, biyu daga hannun mutanen da ba ajinsa ba.

Dalilin wannan gaggawa kuɗi ne. A ko'ina cikin duniya babban aji ne ke cika fili, Ingila kuwa ta fito daga yaƙi ba ta da 'yan babban aji na kirki in ban da Woodcock. Mills yana da farin jini, kuma an san ba ya cewa a'a. Masu rubuta tarihin dambe da yawa sun ɗora wa manajansa Broadribb alhakin rashin taka masa birki, ko da yake shi kansa Mills yana sane da cewa ya yi asarar shekarun ƙuruciyarsa a soja, yana son ya tara abin da zai tara kafin ƙarfinsa ya ƙare.

KAMBIN DUNIYA

Da ya koma cikin ajinsa sai aka ga bambanci. A watan Satumba na 1947 ya doke Pol Goffaux na Beljiyam ya ɗauki kambin Turai. Ran 26 ga watan Yuli, 1948, ya sake gamuwa da Lesnevich a filin White City gaban mutum 46,000. A wannan karon ya yi dambe da natsuwa, ya kai Lesnevich ƙasa sau biyu a turmi na 10, bayan turmi 15 kuma alƙali ya ɗaga hannunsa. Yaron mai madara ya zama zakaran duniya yana da shekara 29. A cikin wannan shekara ya auri Chrissie, 'yar manajansa, daga baya suka haifi 'ya'ya mata biyu.

Maimakon ya tsaya ya kare kambinsa, sai ya sake ɗaga kai sama. Ya je Afirka ta Kudu ya doke Johnny Ralph, sa'an nan ran 2 ga watan Yuni, 1949, ya nemi kambin babban aji karo na biyu daga hannun Woodcock. Ya sha ƙasa sau da dama yana tashi, har turmi na 14 inda aka ƙirga masa goma. Ran 24 ga watan Janairu, 1950, ya fito kare kambin duniya a Earls Court, Joey Maxim na Amurka ya zubar masa da haƙora, ya kashe shi a turmi na 10. Daga nan ya ajiye safar dambe yana da shekara 30. Cikin wasa 101 da aka rubuta masa ya ci 77, an doke shi a 18, an yi kunnen doki a 6. Abin da ya sha a rumfunan bukukuwa ba ya cikin wannan lissafi.

ƘARSHENSA

Mutum ne mai fara'a da barkwanci, saboda haka bai rasa abin yi ba. Ya taɓa shirya wasannin dambe, ya riƙa fitowa a talabijin na BBC a wani shirin kaɗe-kaɗe na matasa, ya kuma fito a wasu finafinan ban dariya. Da kuɗin dambe ya buɗe gidan cin abincin Sin a titin Charing Cross, wanda a 1963 aka mai da shi gidan rawa na dare. Kasuwar gidan ba ta yi kyau ba, dukiyarsa ta yi ta zurarewa, ciwon kai kuma bai rabu da shi ba.

Da tsakar dare, ran 25 ga watan Yuli, 1965, aka same shi cikin motarsa a wani lungu bayan gidan rawar, da harbi a ka, da bindiga kusa da shi wadda ya aro daga wata mai rumfar harbi ta wuraren bukukuwa. Yana da shekara 46. Kotun binciken mutuwa ta yanke cewa shi ya kashe kansa. Iyalinsa ba su yarda da wannan hukunci ba, kuma an yi shekaru ana ta jita-jita a kai, amma ba a taɓa gurfanar da kowa ba. An binne shi a maƙabartar Camberwell a kudancin Landan.

ABIN DA YA CANJA A BAYANSA

Tarihin Mills yana da mahaɗi da na Nijeriya. Jack Solomons ɗin nan da ya shirya manyan wasanninsa, shi ne ya shirya karon Dick Tiger da Gene Fullmer a filin Liberty na Badun ran 10 ga watan Agusta, 1963. Kambin da Mills ya riƙe kuwa ya zo hannun Dick Tiger a watan Disamba na 1966, sa'ad da ya doke José Torres a New York.

Dokokin wasan ma sun canja ta fuskar da ta shafi abin da ya same shi. A 1979 aka ƙirƙiro sabon aji tsakanin aji na biyu da babban aji, musamman domin mutanen da suka yi wa ɗaya girma, ɗaya kuma ya yi musu girma. Bayan rasuwar ɗan damben Koriya Kim Duk-koo a 1982, hukumomin dambe na duniya suka rage wasan neman kambi daga turmi 15 zuwa 12. Likitoci sun tabbatar da cewa dukan kai da ake maimaitawa yana lalata ƙwaƙwalwa sannu a hankali, saboda haka hukumomin dambe sukan dakatar da wanda aka kashe a fili na wani lokaci, har sai likita ya duba shi.

Wannan ilmi bai tsaya ga damben Turawa ba. Ƙwaƙwalwar ɗan damben gargajiya da ta ɗan boksin iri ɗaya ce, hannun da aka naɗe da zare kuwa bai fi safa laushi ba. Malaman makaranta masu kula da wasanni, da ma'aikatan ƙananan hukumomi masu ba da izinin fili, da iyayen gidan 'yan dambe, su ne ke da ikon da Mills ya rasa a kusa da shi a watan Yuni na 1946, watau ikon hana yaron da ya sha kisa jiya fitowa yau, da ikon raba shi da wanda ya fi shi jiki, ko da 'yan kallo sun biya kuɗin ƙofa suna jira.