Ladi Kwali: Maginiyar Tukwanen Da Ta Fitar Da Mu Kunya

'Yan'uwana tsofaffin ɗalibai da malamanmu masu girma, a wannan fitowa ta mujallarmu na zaɓi in kawo muku tarihin wata baiwar Allah wadda kusan kowannenmu ya sha riƙe hotonta a hannunsa, amma ba kowa ya tsaya ya tambayi ko wace ce ba. Duk wanda ya juya bayan takardar Naira 20, wadda Babban Bankin Nijeriya ya fitar a shekarar 2007, zai ga wata mata tana gina tukunya. To, ita ce marigayiya Dakta Ladi Kwali.

An haifi Ladi wajen shekarar 1925 a garin Kwali, wanda a yanzu yake cikin Babban Birnin Tarayya. Ita Bagwariya ce, wato 'yar ƙabilar Gbagyi kamar yadda suke kiran kansu. A ƙasarsu ginin tukwane sana'ar mata ce, kuma tun tana ƙarama ta koye ta a hannun gwaggonta. Ba ta yi karatun boko ba. Makarantarta ita ce ramin yumɓu da gindin matoya.

Yana da kyau in ɗan bayyana yadda ake wannan gini, domin a nan ne gwanintarta take. Maginiya takan ɗauki curin yumɓun da aka kwaɓa, ta huda tsakiyarsa, ta riƙa jan gefensa sama da yatsu, sannan ta mulmula wani yumɓun dogo-dogo kamar igiya tana ɗorawa tana shafewa. Tukunyar tana zaune wuri ɗaya, maginiyar ce take zagaya ta, har ta tashi da cikinta da wuyanta da bakinta. Babu awo, babu ma'auni, sai ido da hannu, amma in ka ga tulun Ladi sai ka rantse da injin aka daidaita shi. Kafin ya bushe sai ta yi masa ado. Takan tsaga siffofin kunama da ƙadangare da kada da hawainiya da maciji da tsuntsu da kifi, ta raba su da layuka, ta kuma mirgina tufkakkiyar igiya ko sassaƙaƙƙen ice a jikinsa don ya bar shaida. Daga nan sai a tara tukwanen a fili, a lulluɓe su da itace da busasshiyar ciyawa a cinna wuta.

Sunanta ya fara fita ne tun a yankinsu, har manyan mutane suka riƙa sayen tukwanenta don ado. Cikinsu akwai Sarkin Abuja, Alhaji Sulaimanu Barau, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1979. Ga yaranmu da ba su sani ba, Abujar da nake nufi ita ce garin da ake kira Suleja a yau, wanda ya bar wa sabon babban birni sunansa. A shekarar 1950 gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauki wani Bature maginin tukwane ɗan Ingila, Michael Cardew, don ya duba yadda za a inganta wannan sana'a a Nijeriya. Kafin nan ya yi aiki a ƙasar Gana. A yawon da yake yi ne ya ga tukwanen Ladi a gidan Sarki, suka kuwa shiga ransa. Da ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a Abuja, Ladi ta shige ta a shekarar 1954, ita ce mace ta farko da ta yi haka.

A cibiyar ta koyi abubuwan da ba a san su a Kwali ba. Ta koyi gini a kan faifan da ake juyawa, ta koyi shafa ruwan ƙyalli wanda yake narkewa ya zama kamar gilashi, ta kuma koyi toyi a tanderu mai zafin da ya haura digiri 1,200. Ta yi kwanuka da farantai da kofuna, tana buga musu hatiminta na haruffa biyu, LK. Abin da ya fi burge ni shi ne ba ta yar da abin da ta zo da shi daga gida ba. Ta ci gaba da gina manyan tulunanta da hannu kamar yadda gwaggonta ta koya mata, da zanen dabbobinta, sai dai yanzu da yumɓu mai jure wuta, a shafe da ruwan ƙyalli, a toya a tanderu.

A nan akwai abin lura. Dukanmu mun san dalilin da ya sa ruwan randa yake sanyi: jikinta yana tsattsafo, iska tana busar da danshin tana tafiya da zafi. To, tulun da aka shafa wa ruwan ƙyalli ba ya tsattsafo, saboda haka ba ya sanyaya ruwa, ga shi kuma ya yi nauyin da ba mai ɗaukarsa zuwa rafi. Ke nan tulun Ladi ya tashi daga kayan aikin gida ya koma abin kallo. Wasu masana suna ganin an yi hasara a nan, tunda an raba tulu da aikinsa. Wasu kuwa suna ganin ta haka ne aka tilasta wa duniya ta tsaya ta dubi fasahar matan ƙauye da idon girmamawa. Ni dai ina tare da na biyun, domin matan Kwali ba su daina gina randar shan ruwa ba, abin da Ladi ta yi ƙari ne a kan nasu.

An baje kolin tukwanen Abuja a gidan baje koli na Berkeley da ke Landan a shekarun 1958 da 1959 da 1962, kuma nata ne suka fi jan hankali. Ta je Ingila da Faransa da Jamus tana gini a gaban jama'a, sannan a 1972 ta zagaya Amurka tare da Cardew. Sauran mata ma suka bi sawunta zuwa cibiyar, irin su Halima Audu da Asibi Ido da Lami Toto da Kande Ushafa, suna aiki a sashen da ake kira Ɗakin Gwari.

Girmamawa ta biyo baya. An ba ta lambar MBE a 1963. A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa na Dakta, matar da ba ta taɓa zama a benci ba. A 1980 ta sami lambar yabo ta ƙasa da ake bai wa masana, a 1981 kuma lambar OON. Ta rasu a Minna ranar 12 ga Agusta, 1984, shekara ɗaya bayan rasuwar Cardew. An sa wa cibiyar Suleja sunanta, haka ma wani titi a Abuja, kuma tukwanenta suna ajiye a manyan gidajen tarihi na Landan da Washinton.

To 'yan'uwa, darasin da na ɗauka a rayuwarta shi ne, gwaninta kaɗai ba ta isa ba, sai an sami inda za a gan ta. Da Sarki Sulaimanu Barau bai tara tukwanen nan ya ajiye inda baƙo zai gani ba, wataƙila da Ladi ta ƙare rayuwarta ba wanda ya san ta bayan kasuwannin ƙasar Gwari. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Kowannenmu zai iya tuna wani ɗan ajinsu mai hannun zane, wanda yake cika bayan littafinsa da hotunan dawaki da motoci, amma yau ba a ko jin ɗuriyar wannan baiwa tasa.

Saboda haka nake roƙon ƙungiyarmu, a cikin ayyukan da muke yi wa makaranta, mu nemi a ba mu aji ɗaya. Mu shafa masa farin fenti, mu gyara tagogi don haske, mu kafa katakai da kantoci, mu sa ƙofa mai makulli. A riƙa rataya zanen ɗalibai da aikin hannunsu, kowane da sunan mai shi da ajinsa, ana sauyawa duk zangon karatu. A gayyaci maginan tukwane da masaƙa da dukawa da masu zanen gida na garin su kawo nasu, su kuma nuna wa yara yadda ake yi. Kuɗin wannan aiki bai kai na liyafar taronmu na shekara ba. Ina fata za a sa wannan magana cikin ajandar taro mai zuwa, kuma malamanmu na zane, waɗanda suka fi mu sanin abin, za su ba mu shawara.