René Dubos: Masanin da ya tono magani daga cikin ƙasa

An haifi René Dubos a Faransa a 1901. Ilimin noma ya karanta, ba likitanci ba. A 1939, a Cibiyar Rockefeller da ke Amurka, ya samo giramisidin daga wata bakteriyar cikin ƙasa, wato guntun furotin mai huda jikin ƙwayar cuta ya kashe ta. Da yake yana fasa ƙwayoyin jini, sai aka taƙaita shi ga shafawa a miki, penisilin kuma ya danne shi.

Tun lokacin ya yi gargaɗi cewa ƙwayoyin cuta za su bijire wa magani. Yau da kafso ke ƙin aiki, daga Batsari da Safana har Turai, masana sun sake waiwayar irin furotin ɗinsa.

Ya rasu a 1982, ranar da ya cika shekara 81.